RABIN FULOTI MA GIDA NE, IN AN SAN YADDA ZA A TSARA SHI

Duk ɗan Arewa da ya daɗe a Kudu, ko a Agege yake zaune, ko Idi-Araba, ko Sabon Badun, ko Shagamu, ko Fatakwal, babu abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya kamar kuɗin haya. Shekara na zagayowa mai gida zai aiko a ce an yi ƙari, wanda bai iya biya ba ya kwashe kayansa da iyalinsa ya shiga neman wani wurin. Saboda haka ne da yawa daga cikin 'yan kasuwa da ma'aikata da direbobi, da zarar Allah ya hore musu 'yan kuɗi, sai su shiga neman fili domin su kafa nasu. To, amma fili a Ikko da garuruwan da ke kewaye da ita ya yi tsadar da cikakken fuloti ya fi ƙarfin yawancin mutane, abin da hannu ke iya kaiwa gare shi shi ne rabi.

Cikakken fuloti a Ikko galibi ƙafa 60 ne a faɗi, ƙafa 120 a tsawo, a wasu garuruwan kuma ƙafa 50 da 100. Idan masu ƙasa suka tsaga shi biyu daga bakin titi zuwa baya, kowane rabi zai tashi da faɗin ƙafa 30 ko 25 kawai, ga shi da tsawo kamar sanda. A irin wannan siririn fili ne magidanci zai zauna da matarsa ko matansa, da 'ya'ya, da tsohuwa in ta zo daga gida, da baƙin da ba su yankewa. Abin da aka saba yi shi ne a kira birkila ya ja layi biyu na ɗakuna suna kallon juna da lungu a tsakiya, irin gidan da mutanen Ikko ke kira fes-mi-ai-fes-yu. Bayan an tare sai a tarar lungun duhu ne ko da rana tsaka, ɗakunan kamar tanda, baƙo kuwa yana shigowa yana ganin har madafa. Kuɗi sun tafi, gidan kuma ba ya rushuwa a sake. Alhali kuwa da an zauna an yi tsari tun farko, da wannan kuɗin za a sami gida mai iska da haske da sutura.

KAFIN A SARI ƘASA

Magana ta farko ita ce takarda. Tun da gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa dokar mallakar ƙasa a shekarar 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, wanda ya sayi fili kuwa sai gwamna ya amince sa'an nan cinikin ya zauna da gindinsa a idon doka. Rasiɗin da 'yan gado suka rubuta a gida bai isa ba. Lalle ne mai saye ya ɗauki safiyo mai rajista ya auna filin, a kai awon ofishin babban safiyo na jiha a duba ko gwamnati ta riga ta karɓe wurin, ko kuwa hanya ko magudanar ruwa za ta bi ta kansa. A Jihar Ikko akwai dokar da aka yi a shekarar 2016 domin hana 'yan omo-onile ƙwace filaye da tatsar masu gini, ya kamata duk wanda suka matsa wa ya san da ita.

Magana ta biyu ita ce iznin gini. A Ikko hukumar LASPPPA ce ke duba zane ta ba da izni, hukumar LASBCA kuma ita ke zagayawa tana duba aikin, tana da ikon rufe gini ko rushe shi. Sauran jihohi ma kowace da tata hukumar tsara gari. Za a nemi zanen da mai zanen gini mai rajista da ARCON ya sa wa hannu, da lissafin ƙarfe na injiniya mai rajista da COREN.

A nan ne mai rabin fuloti yake cin karo da babbar matsalarsa. Doka ba ta yarda a cinye fili duka da gini ba. Ƙa'idar da aka fi bi wajen gidajen zama a Ikko ita ce a bar mita 6 a gaba, watau kamar ƙafa 20, a bar mita 3 a baya da kowane gefe, watau kamar ƙafa 10, ko da yake abin yakan bambanta daga unguwa zuwa unguwa. To, mai faɗin ƙafa 30 in ya cire 10 ta dama ya cire 10 ta hagu, ƙafa 10 ce ta rage masa, ɗaki guda ma da ƙyar. Saboda haka wajibi ne mutum ya je ofishin tsara gari na yankinsa ya tambayi tazarar da ake bi a unguwar tun bai biya kuɗin fili ba.

Akwai wata dabara da ke warware wannan, 'yan'uwa da abokan ciniki kuwa sun fi kowa dacewa da ita. Mutum biyu su haɗa kuɗi su sayi cikakken fuloti, a zana musu gida tagwaye da bango ɗaya a tsakani, a nemi izninsa a haka. Kowa zai bar ƙafa 10 a gefe ɗaya kaɗai, ya sami ginin da faɗinsa ya kai ƙafa 20, tsawonsa kuma har ƙafa 90 bayan an cire gaba da baya. Bangon tsakiyar a yi shi da bulo mai inci 9, a kai shi har sama ya huda rufi, domin magana kada ta ƙetara, gobara ma in ta tashi kada ta bi ta cikin silin. Sai dai a rubuta yarjejeniya a gaban lauya da shaidu, kowa ya san iyakarsa, domin 'ya'yan da za su gada ba su ne suka yi amanar ba.

ABIN DA WASU ƘASASHE SUKA YI

Ƙuncin fili ba a Ikko aka fara shi ba. A birnin Amsadam na ƙasar Holan akwai gidajen 'yan kasuwa na ɗaruruwan shekaru a bakin ruwa, sirara masu hawa uku ko huɗu, matakalarsu ta yi ƙunci har sai an kafa ƙugiya a saman gida ana jan kaya da igiya a shigar ta taga. A birnin Kiyoto na Japan tsoffin gidajen 'yan kasuwa kanti ne a gaba, iyali a baya, da ɗan lambu buɗaɗɗe a tsakiya wanda ke kawo haske da iska.

Wanda ya fi shahara a cikin na zamani shi ne gidan da Tadao Ando ya gina a unguwar Sumiyoshi ta birnin Osaka a shekarar 1976. Faɗin gidan bai kai ƙafa 12 ba, tsawonsa bai kai ƙafa 50 ba, ga gidajen maƙwabta manne da shi dama da hagu. Ando ya raba tsawon kashi uku daidai, ya gina ɗakuna a gaba da baya sama da ƙasa, ya bar kashin tsakiya babu rufi. Bangon da ke kallon titi ko taga ɗaya babu, ƙofa ce kawai, dukan hasken ɗakunan daga wannan tsakiyar yake shigowa. An soki gidan saboda in ana ruwan sama sai mai gida ya ɗauki lema kafin ya ƙetara daga ɗakin kwana zuwa makewayi, duk da haka ƙungiyar masu zanen gini ta Japan ta ba shi lambar yabo a shekarar 1979, a 1995 kuma Ando ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a wannan sana'a.

Bahaushen da ya ji wannan bayani zai ce ai wannan tsakar gida ce. Gidan Bahaushe tun kaka da kakanni bayansa yake juya wa titi, fuskarsa tana ciki. Tsoffin gidajen Yarabawa da na Bini ma suna da irin wannan fili a tsakiya inda ruwan rufi ke zuba. Abin da ya rage shi ne a ɗauki wannan tsohon tsari a daidaita shi da ƙafa 20.

GIDAN HAUSA A KAN BENE

A gidan gargajiya mai shiga yakan fara da zaure, ya wuce ƙofar gida inda samari da baƙi ke kwana, ya bi ta shigifa, sa'an nan ya isa cikin gida. Kowane mataki yana da wanda aka yarda ya taka shi. Siririn fili ya dace da wannan jeri ƙwarai, tun da shi ma a tsaye yake daga titi zuwa baya.

Ga yadda za a iya raba ƙafa 90 ɗin a ƙasa. Ƙafa 16 na farko zaure ne, ko falon maigida, da makewayinsa da wurin alwala, domin baƙo ya yi buƙatarsa ba tare da ya shiga ciki ba. Bayansa ɗakin baƙi mai ƙafa 12. Wannan ɗaki ba abin rainawa ba ne, domin tun lokacin da aka kafa Sabon Badun a shekarar 1916 martabar maigida a zangon Hausawa ita ce saukar da baƙo, fatake ne ko masu shanu ko masu goro, yau kuma ga ɗalibi da mai jinya da mai neman aiki. Iyali su kuma su sami tasu ƙofar ta gefen gida, ta cikin tazarar nan ta ƙafa 10, a karya hanyar yadda wanda ke zaune a zaure ba zai hangi ciki ba. Wannan ita ce shigifa.

Daga nan sai tsakar gida, kamar ƙafa 12 da 14, a buɗe har sama, matakala a gefenta. Mutane da yawa sukan ga wannan asarar ɗaki ce, amma hasken taga ba ya wuce kamar ƙafa 15 zuwa 20 cikin gini, gidan da ya kai ƙafa 90 kuwa in ba a huda shi a tsakiya ba sai an kunna fitila da rana. Bayan tsakar gida falon iyali, da madafa da ɗakin ajiya, sa'an nan ɗaki guda na tsohuwa ko mara lafiya wanda ba ya iya hawa bene. Ƙafa 10 da doka ta ce a bari a baya su ne wurin wanki da shanya, da ɗaure ragon layya, da hura itace ranar suna.

A sama kuma turakar maigida ta gaba, ɗakunan mata da na yara ta baya, maza dabam mata dabam. Mai mata biyu ya sa a zana musu ɗakuna masu girma ɗaya da taga iri ɗaya, domin ƙafa biyu da aka ƙara wa wata sai ta zama maganar shekara ashirin. Wajen ɗora kujerar makewayi a tuna alƙibla daga Kudu gabas ce maso arewa, a kauce mata gaba da baya, wannan kuwa a kan takarda ake gyara shi kafin mai famfo ya binne bututu.

Matakala ita ce inda ake yawan yin ƙwauro. Faɗinta kada ya kasa ƙafa 3 da rabi, tsayin kowane taki kada ya wuce inci 7, wurin sa ƙafa kuma inci 10 ko 11, da wurin hutawa a tsakiya. Ta nan za a hau da gado da katifa, ta nan kuma za a sauko da mai naƙuda ko wanda ciwo ya kwantar.

ISKA DA RUWAN SAMA

Zafin Kudu dabam yake da na Arewa. A Kano ko Katsina bango mai kauri da ƙaramar taga su ne magani, saboda rana da zafi dare da sanyi, iska kuma a bushe. A Ikko da Fatakwal iskar a jiƙe take dare da rana, gumi ba ya bushewa sai iska tana kaɗawa a jiki. Don haka kowane ɗaki yana bukatar mafitar iska biyu, taga a bango ɗaya, wata taga ko ƙofa a wani bangon. Tsakar gida na taimakawa a nan, domin iska mai zafi takan tashi ta fice ta samanta, mai sanyi ta shigo ta tagogin ƙasa. Yawancin shekara iskar daga teku take zuwa, watau daga kudu maso yamma, a buɗe mata hanya ta wannan ɓangare.

Wanda ke Badun ya je jami'a ya dubi babban ɗakin karatu da Maxwell Fry da matarsa Jane Drew suka zana a shekarun 1950. An lulluɓe gefensa da bangon siminti mai huda-huda, rana ba ta dukan ɗaki, iska kuwa tana ratsawa. Irin wannan bulo mai huda ana buga shi a ko'ina, ya dace da matakala da baranda, mata su sha iska ba mai ganinsu daga titi. A Mokola kuma, kusa da Sabo, akwai ginin Demas Nwoko wanda ya yi karatu a Zariya, mutumin da ya shahara da gauraya jar ƙasa da siminti da kuma fitar da zafi ta saman gini, har aka ba shi babbar lambar yabo a bikin baje kolin gine-gine na birnin Benis a shekarar 2023.

Tagar luba tana buɗewa kusan duka, tagar gilashi mai turawa gefe kuwa rabi kaɗai take buɗewa, komai kyanta a ido. Tagogin da ke kallon maƙwabci a ɗaga su sama da kan mutum, haske ya shigo ba tare da an leƙa gidan wani ba. Silin ya kai ƙafa 10 daga daɓe.

Ruwan da ke sauka a Ikko a shekara ya kusan ninka na Kano biyu, na Fatakwal ya fi haka. Rufin soro shimfiɗaɗɗe bai dace da nan ba, haka kuma rufin nan na yayi da ake ɓoye kwano a bayan bango yakan yi yoyo in magudanarsa ta toshe. Kwano mai gangara wanda ya zarce bango da ƙafa 2 ko 3 ya fi kwanciyar hankali, da indararo mai kai ruwa tanki ko kwata, kada a zuba shi gidan maƙwabci. Daɓen tsakar gida ya yi ƙasa da na ɗakuna da kamar inci 6, da babban bututu mai fitar da ruwa, a rufe samanta da raga saboda sauro, a kuma yi wa hanyar wucewa rumfa domin kada a sha wahalar mai gidan Osaka. Daɓen gidan gaba ɗaya a ɗaga shi sama da titi, domin titi in aka sake shi hawa yake yi.

ƘARFIN GINI

Siririn fili yana tilasta bene, bene kuwa ba a yi masa wasa. A ranar 13 ga Maris 2019 wani bene ya rufta a Ita-Faji cikin tsibirin Ikko, da makaranta a samansa, kimanin mutum 20 suka rasu, da yawansu yara. A ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ya zube, fiye da mutum 40 suka mutu. Ƙaramin gida ma yana faɗuwa in an yi ha'inci.

Ƙasar Ikko da Fatakwal da yawa fadama ce aka cike. Kafin a tona harsashi a kira masu gwajin ƙasa, su ne za su faɗa ko harsashi na yau da kullum ya isa, ko sai an shimfiɗa kwankare a ƙarƙashin gidan duka, ko kuwa sai an kafa turaku har ƙasa mai ƙarfi. Wanda ke nufin ƙara hawa nan gaba ya faɗa wa injiniya yanzu, domin ɗora hawa a kan harsashin da ba a lissafa da shi ba yana cikin abubuwan da ke kayar da gidaje. Kwaɓin da aka saba yi wa ginshiƙi da dekin na ƙaramin gida shi ne awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, sai in injiniya ya rubuta wani. Kwankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfinsa, a riƙa ba shi ruwa, kada kafinta ya yi gaggawar cire katakon da ke tokare da dekin domin yana da wani aiki a gaba. Yashin bakin teku mai gishiri yana cin rodi daga ciki. Bulon da ke marmashewa in an murza shi da yatsa a mayar wa mai shi. Araha ba ta ado. Ranar zuba dekin maigida ko wakilinsa ya tsaya a wurin ya ƙirga buhun siminti da idonsa.

RIJIYA DA SOKAWE DA JANARETO

A ƙaramin fili rijiya da sokawe sukan zama maƙwabta, daga nan kuwa amai da gudawa ke shiga gida, kamar annobar kwalara da ta taɓa Ikko a shekarar 2024. A raba su da aƙalla ƙafa 50, ɗaya a gaba ɗaya a baya, a kuma bincika inda sokawen maƙwabta yake. Sokawe a gaba ya fi, domin motar kwashewa ta iya isa gare shi.

Janareto ya zauna a waje inda iska ke kaɗawa, nesa da tagar ɗakin kwana. Hayaƙinsa ba shi da wari mai tada mai barci, ya sha kashe iyali guda a dare ɗaya. Gidan da ke da tsawo kuma yana bukatar ƙofa biyu, gaba da baya, a kowane hawa kuma a sami taga ɗaya da ƙarfenta ke buɗewa da makulli, a rataye makullin inda kowa ya sani.

A HANKALI AKE GINAWA

Ba dole ba ne a gama gida a shekara ɗaya. Da cikakken zane a hannu mutum yana iya gina ƙasa ya zuba dekin ya tare, kuɗin hayar da yake biya a da ya riƙa tara su yana sayen bulo na sama. Kuɗin mai zane da injiniya kaɗan ne in an gwada da kuɗin fasa bango a sake. In an sa matakala inda za a iya hawa ba tare da ratsa falon iyali ba, gobe ana iya ba ɗa mai sabon aure saman, ko a sa ɗan haya, ranar rabon gado kuma magada su sami abin da ke rabuwa ba sai an sayar ba.

Wanda ke da niyya ya fara da zuwa ofishin tsara gari da awon filinsa, ya zauna da mai zane tare da uwargida, domin ita ce ta san inda turmi da tukunya za su zauna. Allah ya ba kowa ikon mallakar nasa, ya sa a shiga lafiya.